Kuɗin Bin Sawu: A Yi Lissafi Kafin a Buɗe Jaka

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu tattauna a kan wani abu da kowa ke yi amma ba mai son faɗin abin da ya kashe a kai, watau ɗaukar mai bin sawu in an sace wa mutum dabbobi.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Gari ya waye, an duba garke an ga turke wayam. Kafin a yi shayi maƙwabta sun cika gida, wannan ya ce a tafi biron jandarma, wancan ya ce, "Kai Alhaji, akwai wani mutum da na sani, ko kan dutse saniya ta bi sai ya gano ta." Mai hasara kuwa hankalinsa ba ya jikinsa, ko nawa aka ce sai ya ce to.

Tun daga shekarar 2019, lokacin da tashin hankalin Zamfara, Sakkwato da Katsina ya koro dubban mutane zuwa jihar Maradi, satar shanu ta yi ƙamari a wajajen Madarumfa da Gidan Rumji. Da sata ta yawaita, masu cewa sun iya bincike su ma suka yawaita. Akwai na gaskiya a cikinsu, waɗanda suka san daji, suka san tike, suna iya bambanta sawun azawak da na jan bororo. Akwai kuma waɗanda sana'arsu ita ce cin kuɗin mai kuka.

Wani ɗan ƙungiyarmu, wanda ba za mu faɗi sunansa ba, ya yarda mu buga lissafinsa don a ɗauki darasi. An kore masa shanu 4, kowane zai yi jika 350 na sefa. Ya ba mai bin sawu kafin alƙalami jika 50. Kabu-kabu da abinci na kwana 10 sun ci jika 80. Goron masu ba da labari a ƙauyuka da kasuwanni jika 40. Takardu da tsallaka iyaka jika 30. Da aka gano biyu, ya biya la'adar jika 25 a kan kowane, sa'an nan jika 20 ta koro su gida. Jimla jika 270. Shanun biyu kuwa sun dawo a rame, sai da aka yi wata guda ana ba su dusa da harawa. Ya ce mana, "Wallahi da na san haka abin yake, da tun ranar farko na sa iyaka."

To, ku duba da kyau. Ladan mai binciken kansa bai kai rabin abin da aka kashe ba. Abin da ke cinye mutum shi ne ƴan ƙananan kuɗin da ake ta kira a salula ana cewa a turo: yau mai ya ƙare, gobe an ga shanun a Mai'aduwa ran Lahadi, jibi an ce a'a, Maigatari za a kai su ran Alhamis. Kowace kasuwa da kuɗin motarta, kuma in an tsallaka Nijeriya sai an canza sefa zuwa naira, ɗan canji ma ya ci nasa.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga lissafi. Ta farko, wani mai bin sawun bakinsa ɗaya da ɓarayin. Sai ya dawo ya ce an ga dabbobin amma sai an ba da kuɗin fansa. Mai dukiya ya sayi abinsa da kuɗinsa, ɓarayi kuma sun gane gidan da ake biya, badi su dawo. Ta biyu, mai binciken da ya ci kuɗi bai samo komai ba yakan nuna wani bawan Allah don ya fita kunya. Daga nan sai rigima tsakanin ƙauye da ruga, sai kotu, wani lokaci har jini. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Mu tuna mai bin sawu ba hukuma ba ne: ba shi da ikon kama mutum, ko shiga gidan wani, ko ƙwace dabba a tike. Aikinsa ya gani ya faɗa.

Saboda haka ga shawararmu. A fara kai ƙara wurin jandarma da mai gari tun ranar, a sanar da sarkin tike da dillalan kasuwannin kusa, a tura masu hoton dabbar ta WhatsApp. Wannan kusan kyauta ne. In za a ɗauki mai bin sawu, a ɗauki wanda ardo ko shugaban reshe ya tsaya masa. A yi magana gaban shaidu biyu, a rubuta: nawa ne kafin alƙalami, kwana nawa za a yi, nawa ne iyakar kuɗin hanya. Babban rabon ladan a ajiye shi sai dabba ta dawo turke. Kuma tun ba a yi sata ba, kowace dabba ta kasance da shaidarta, lalas ko yankan kunne, da takardar sayenta. In ba shaida, ko an gano saniyar, da me za ka ce taka ce?

Wannan matsala ba mu kaɗai ta taɓa ci ba. A shekarar 1877, a garin Graham na jihar Texas ta Amurka, masu shanu 40 da sata ta ishe su suka kafa ƙungiya. Daga baya ƙungiyar ta ɗauki masu bincike nata na kanta, tana biyan su daga kuɗin membobi, suna tsayawa a kasuwanni suna duba tambarin kowace dabba. Har yau ƙungiyar na nan da masu bincikenta. Abin da ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, taro ya ɗauke shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Me zai hana kowane reshe namu ya buɗe asusu, a riƙa jefa ɗan abu a kan kowace dabbar da aka sayar, a kuma ajiye littafin shaidun membobi? Da haka sai mu riƙe amintattun mutane biyu ko uku a manyan tikunanmu, maimakon kowa ya tashi neman baƙo ranar da hankalinsa ya tashi. Muna roƙon shugabannin rassa su kawo wannan magana a taro mai zuwa, wanda kuma ya taɓa ɗaukar mai bin sawu ya zo da lissafinsa, ba kunya a ciki.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, amin.