Masarar Damari da Takardun da Ke Tafiya Tsakanin Kwamfutoci

Buhun masarar da aka noma a Damari, cikin Ƙaramar Hukumar Sabuwa, yakan bi hannu da yawa kafin ya isa kamfanin abincin kaji a Kaduna ko Ibadan. Daga manomi zuwa dillali, daga kasuwar Dandume zuwa bayan tirela, shaidar ciniki ba ta wuce maganar baki, kiran waya da ɗan rasit a aljihun direba. Can gaba kuwa, a ofisoshin manyan kamfanoni, takardar oda da ta neman biya sun fara barin hannun masinja. Kwamfutar wannan kamfani ce ke miƙa wa ta wancan kai tsaye, ba sai wani ya sake bugawa ba. Wannan shi ake kira EDI.

Abin ya daɗe a duniya. Kamfanonin sufuri na Amurka sun kafa kwamitin daidaita takardunsu tun 1968, aka soma aikin tsarin X12 a 1979, sannan EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya ya samu karɓuwa a 1987. A X12 kowace takarda da lambarta: oda 850, neman biya 810, sanarwar tura kaya 856.

To yaya fayil yake gane hanya? Kafin ya tashi sai an lulluɓe shi da wasu layuka masu ɗauke da lambar mai aikawa, lambar mai karɓa da lambar saƙon kansa. Akwai kamfanin sadarwa da ke tsakiya mai kai fayil daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma waɗannan layukan yake dubawa, kamar ɗan kamasho a tasha da aka ba saƙo: sunan gari da na mai shi kawai yake karantawa, ya san motar da zai ba. Idan mai karɓa yana kan hanyar sadarwarsu, sai a jefa fayil ɗin cikin akwatinsa. Idan yana kan ta wani kamfani, sai a tsallakar da shi can. Da ya isa, kwamfutar mai karɓa za ta mayar da amsa mai lamba 997, wadda ke nuna an karɓa ko an ƙi. Wannan amsar ce, a ganina, mafi daraja a tsarin duka, domin ita ke kashe gardamar "na aiko" da "ban gani ba". Amma lamba ɗaya in ta kuskure, fayil ya maƙale, mota kuma ta kwana a ƙofar kamfani da kaya a kanta.

Najeriya ta riga ta kama wannan hanya. Masu shigo da kaya sun saba da takardun Form M da PAAR ta intanet, kuma daga Agustan 2025 hukumar haraji ta FIRS ta fara tsarin takardar neman biya ta lantarki ga kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara. Kamfanin da aka ɗaure da wannan ƙa'ida, ba makawa zai fi son mai kawo kaya da ke da rajista da lambar haraji.

Nan ne damuwata take. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, ba a fara mayarwa ba sai Disamba. Kaka ke nan sukutum, lokacin da masara ke fita kasuwa. Garin da kiran waya ma ke iya gagara wata uku, ta ina fayil zai fita? Ribar da ta kamaci ɗan kasuwar Damari sai ta tsaya a hannun wanda ke zaune a birni.

Ya kamata hukumar sadarwa ta NCC da gwamnatin Katsina su kare turakun sadarwa na wannan yanki, ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi kuma su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, su mallaki lambar haraji tun kafin kamfanoni su fara tambaya.