Washar Notin Juye: A Sake Ta Ko A Mayar Da Tsohuwa?

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram ba kamar a garejin kawuna, inda na yi hutun ƙarshen shekara ina miƙa sifana, ina wanke kayan aiki. A can na ga wani ɗan zoben ƙarfe, wanda faɗinsa bai wuce na zoben yatsa ba, yana ta da gardama tsakanin masu mota da kanikawa. Sunansa washa. Na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayaninsa, da kuma iyayenmu, tun da su ne masu biyan kuɗin gyara.

Da farko bari mu san inda washar take. A ƙarƙashin injin mota akwai wani kasko inda baƙin mai yake taruwa, lita 4 ko abin da ya yi kusa da haka a yawancin ƙananan motoci. A gindin kaskon akwai rami, an toshe shi da noti. In lokacin juye ya yi, sai bakanike ya kwance notin, tsohon mai ya tsiyaye, ya mayar ya ɗaure, sa'an nan ya zuba sabo. To, tsakanin kan notin da jikin kaskon ne ake sa washar. Tambayar ita ce, in an kwance, a mayar da tsohuwar ko a sa sabuwa?

Mutane da yawa suna zaton haƙoran noti ne suke tare mai. Ba haka ba ne. Aikin haƙora shi ne riƙo kawai, mai yana iya bin tsakaninsu ya sulale, musamman in ya yi zafi ya tsinke, ga shi kuwa zafin man inji yakan kai digiri 100 in mota tana kan tafiya. Abin da ke tare shi shi ne haɗuwar fuskar noti da fuskar kasko. Amma ƙarfe biyu masu tauri ba su haɗuwa lif, kome santsinsu a ido, sai an sami 'yan ƙananan kwaruruka a tsakani. Shi ya sa ake yin washa da ƙarfe mai laushi, watau jan ƙarfe ko alminiyam. In aka ɗaure noti sai ta matse, ta ɗan baje, ta cike kwarurukan nan, kamar yadda ɗanyen yumɓu ke ɗaukar siffar yatsan da ya danna shi.

Ga inda matsalar take. Jan ƙarfe yana da wata ɗabi'a wadda malamin kimiyya ya taɓa nuna mana da waya: in ka lanƙwasa shi ko ka matse shi, wurin sai ya ƙara tauri. Saboda haka washar da aka ɗaure sau ɗaya ta riga ta ba da laushinta, ta kuma ɗauki siffar wurin da ta zauna. In aka mayar da ita, da wuya ta koma daidai yadda take a da, kuma ba ta da sauran laushin da za ta sake bajewa. Wani lokaci ta riƙe, wani lokaci ta bar mai yana tsattsafowa. Don haka ne kamfanoni irin su Honda suke rubutawa a littafin mota cewa a sa sabuwa duk lokacin da aka yi juye.

Wani zai ce, to mene ne a cikin ɗan ɗigo? Mu yi lissafi, tun da mu 'yan makaranta ne. A ce ɗigo ɗaya yana faɗuwa duk minti 5. A awa ɗaya ɗigo 12 ke nan, a kwana ɗaya 288. In muka ƙaddara ɗigo 20 ne ke cika mililita 1, an yi asarar mililita 14 da 'yan kai a kwana. A wata uku abin ya haura lita 1. A yawancin motoci kuwa, tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin gejin mai kamar lita 1 ce. Ke nan mai motar da ba ya duba geji zai wayi gari mai ya sauka ƙasa da ƙa'ida, shi kuwa yana ganin bai daɗe da yin juye ba. In mai ya yi ƙaranci ƙwarai, ƙarfe ya shiga gugar ƙarfe, inji ya buga.

Amma a ganina ba ɗigon ne babban haɗari ba, abin da ake yi don tsai da ɗigon shi ne. Yaron gareji ya san tsohuwar washa ba ta riƙo sosai, don haka sai ya ƙara wa noti ƙarfi. In bai gamsu ba ya zura bututu a sifana ya taka da ƙafa. Alhali kowane noti yana da iyakar ƙarfin da aka ƙayyade masa. Na motocin Honda da yawa kamar ka rataya nauyin kilo 4 ne a bakin sifana mai tsawon mita 1, watau kilo 16 in sifanar ta santimita 25 ce. Wannan hannu ɗaya ma ya isa. In aka zarce, haƙoran da ke cikin kaskon ne suke cinyewa, balle ma motocin yanzu da yawa kaskonsu na alminiyam ne, notin kuwa na baƙin ƙarfe, kowa ya san wanda zai ji jiki.

Na ga haka da idona. An kawo wa kawu wata mota wadda aka yi wa juye a wani wuri, mai yana zuba. Da ya sa sifana sai notin ya yi ta juyawa, ba ya ɗauruwa ba ya kwantuwa. Da ƙyar aka fitar da shi, ga ɓarɓashin alminiyam nannaɗe a haƙoransa. Washar kuwa ta zama kamar takarda don sha matsa. Sai da aka sauke kaskon aka kai wa mai walda da mai yankan haƙori, motar ta kwana biyu. Mai ita malamin firamare ne, da ita yake kai yara makaranta kafin ya wuce aiki, na ga yadda ransa ya ɓaci da ya ji kuɗin.

Sai dai kada a ɗauka kowace mota haka take. Wasu motocin Amurka notinsu yana zuwa da zoben roba a jikinsa, irin robar da mai ba ya ci. Wannan ana mayar da shi muddin bai tsage ko ya bushe ba. Wasu motocin Volkswagen kuma washar a maƙale take da notin, ba ta fita, sai dai a sake notin gaba ɗaya, har akwai masu kaskon roba da matoshin roba. Tsofaffin kanikawa suna ba da labarin Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Ita Beetle a ƙarƙashinta akwai faifai mai rariyar tace mai, noti 6 ne ke riƙe da shi, kowanne da 'yar washarsa ta jan ƙarfe. Saboda haka kafin a yi gardama, a fara duba irin wadda motar take da ita. Girma ma ya bambanta: yawancin Toyota ramin washarsu milimita 12 ne, na Honda 14. In aka sa mai faɗin rami a kan siririn noti sai ta zauna a karkace.

To, in juye ya kama mutum a ƙauye, babu sabuwa fa? In ta jan ƙarfe ce akwai dabara, maƙera sun daɗe da saninta. A riƙe ta da filaya a gasa har ta yi ja, a bar ta ta huce ko a tsoma a ruwa, laushinta zai dawo. Sai a goge ta a kan samfefa a shimfiɗe har fuskokinta su yi sumul. Ta alminiyam ba a yi mata haka, don tana narkewa a digiri 660, kafin ka ga ta yi ja ta zube. Abin da bai kamata ba shi ne a yanko robar tsohon tif a sa, domin mai yana kumbura ta, ta saki. Naɗa zare a haƙoran noti shi ma aikin banza ne, tun da ba ta nan ake tare mai ba.

Ni dai abin da na riƙe shi ne, in washar ta jan ƙarfe ce ko alminiyam, a sake ta duk juye. Kuɗinta bai kai na lita ɗaya ta mai ba, ko kusa. Baba, in za ka sayi mai da filta, ka haɗa da ita, ka kuma tsaya ka ga an sa. A tabbata tsohuwar ta fita, don takan manne a jikin kasko, mai ya rufe ta, a ɗora sabuwa a kanta, biyu kuwa a haɗe yoyo suke yi. A fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sa'an nan a sa sifana. In an dawo gida a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji a duba da safe. In an ga tabo, kada a yi saurin ɗora wa washa laifi. A goge wurin tas, a ta da mota, a leƙa da tocila, domin sau da yawa man daga filta yake gangarowa, ya zo ya taru a kan notin.