Wutar da ke bin bakin tabarma

Duk wanda ya riƙe tarho a Madawa cikin watan Afrilu ya san yadda yake ɗaukar zafi a hannu. Ba laifin rana kaɗai ba ne. Wutar lantarki, in tana gudu cikin ƙarfe, karo take yi da ƙwayoyinsa, sai wani kashi nata ya koma zafi ya tafi a banza. Mai biyan kuɗin kuran shi ke ɗaukar wannan hasara. Ga yadda masana ke neman maganinta.

Sun fara da ɓarar abubuwa falle-falle, kamar yadda ake ɓarar albasa. A shekarar 1980 a Faransa, cikin garin Grenoble, Klaus von Klitzing ya gano cewa wuta tana sake hali cikin shimfiɗa siririya, in akwai sanyi da maganaɗisu mai ƙarfi. A 2004 a Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓaro falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya daga irin baƙin da ke cikin fensir. A 2017 kuma, a Amurka, aka tabbatar akwai falle irin wannan wanda shi da kansa maganaɗisu ne.

To, mene ne amfaninsa? Ku ɗauki fallen tamkar tabarmar kaba. Tsakiyarta ba ta barin wuta ta ratsa. Bakin tabarmar kaɗai wutar ke bi, ta fuska guda, wadda maganaɗisun ya zaɓa mata. In ta tarar da datti ko tsaguwa, sai ta kewaye ta wuce, domin ba ta da hanyar komawa baya. Tun da babu karo, da ƙyar zafi ke tashi.

Dalilin wannan tsayuwa yana cikin wani fannin lissafi, topoloji. Mai ginin tukwane tana iya murɗa curin yumɓu ya zama kasko, amma ba zai zama zobe ba sai ta huda shi. Matsa da murɗa ba sa sake yawan huda. Haka tsarin wutar cikin fallen yake: ƙaramin aibu ba ya rushe shi. Wannan fahimta ta kawo wa Thouless da Haldane da Kosterlitz kyautar Nobel a 2016.

A ƙasar Sin aka fara ganin wannan tafiya ba tare da maganaɗisun waje ba, a Jami'ar Tsinghua, cikin 2013. A 2020 Jami'ar Fudan ta maimaita ta da falle biyar, amma cikin sanyin kusan digiri 272 ƙasa da daskarewar ruwa.

Nan gizo ke saƙa: sai an kai abin ga yin aiki cikin zafi irin namu kafin ya shiga tarho. Aikin yana jiran masu ilmi. Jami'ar Yamai ma sunan masanin kimiyya take ɗauke da shi, Abdu Mumuni. Mu sa yara lakkwal, mata da maza, mu bar su su daɗe. Allah shi sa mu dace.