Maganin Da Ke Cikin Itatuwan Gonarka

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san sabara da marke da maɗaci. Tun kaka da kakanni muke jiƙa saiwa da sassaƙe mu sha. To, yau masana a Yamai suna binciken irin waɗannan itatuwa. Suna neman sinadarin da zai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, ko ya tsai da ciwon daji, wato sankara.

Aikin ba na jiya ba ne. A shekarar 1980 aka buga littafin da Furofesa Adjanohoun, mutumin Benin, da abokan aikinsa suka rubuta a kan itatuwan magani na Nijar. Masu maganin gargajiya ne suka nuna musu itatuwan. A 1992 kuma Furofesa Khalid Ikhiri na Jami'ar Yamai da abokansa suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa itatuwanmu, don a san abin da ke cikinsu.

Yaya ake aikin? Da fari a shanya ganye ko sassaƙe a inuwa. Sai a daka shi, a jiƙa garin, a tace, a bar ruwan ya ƙafe. Abin da ya rage shi ake zuba wa ƙwayar cuta a cikin ɗan kwanon gilashi. In ta mutu, sai a gwada a kan ɓeraye, a ga ko akwai dafi. Sai bayan haka ake gwadawa a kan mutane. Wannan yakan ci shekaru da yawa, kuma yawancin itatuwan ba sa kaiwa ƙarshe.

Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1972, a ƙasar Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou da mutanenta suka ciro sinadarin artemisinin daga wani haki. Daga shi aka samu ƙwayoyin Coartem da ake ba mu a gidan likita. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Wani fure na tsibirin Madagaska kuma ya ba da vinkiristin, maganin sankarar jini ta yara. Ko aduwarmu ma, tun 1933 aka gano a Sudan cewa ƴaƴanta na kashe katantanwar ruwa mai ɗauke da tsargiya. Sai dai suna kashe kifi su ma.

Mene ne namu a ciki? Abu biyu ne.

Na ɗaya, mu tsare itatuwa. In za ka sassaƙi maɗaci, ɗebi gefe guda kaɗan. Wanda ya zagaye itace da sassaƙa ya kashe shi. Kada ka tone saiwa duka. In kana sharar gona, ka bar tohon sabara ya girma.

Na biyu, kada mu yaudari kanmu. Abin da ya kashe cuta a kwanon gilashi bai zama magani ba tukuna. Macen da ta ji kulluntu a nono, ko mutumin da ke da gyambon da ya ƙi warkewa, su tafi gidan likita da wuri. Tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta sami na'urar gashin ciwon daji. Yaro in jikinsa ya yi zafi, a kai shi awon jini a ranar. In kun ba shi jiƙo, ku faɗa wa likita sunan itacen.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.