KAFIN KA SAYI KYAMARA, FARA TAMBAYAR GILASHINTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

A ƙaramar Sallar da ta wuce, ina tsaye cikin 'yan kallo a Zariya ran hawa, sai na lura da wani saurayi kusa da ni yana rataye da baƙar kyamara a wuya, amma fuskarsa babu annuri ko kaɗan. Da muka gaisa sai ya ce mini a Agege yake zaune, yana sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, ya zo gida Salla ne. Ya ce ya fi shekara guda yana tara kuɗin wannan kyamara, ba don sana'a ba, don dai sha'awa, kuma don ya koma wa 'ya'yansa da aka haifa a Ikko da hotunan garin ubansu.

Sa'an nan ya nuna mini abin da ya ɗauka. Dawakai sun fito kamar tururuwa can nesa, ba ka iya bambanta mai lifidi da mai algaita. Hotunan da ya yi wa tsohuwarsa a ɗaki da daddare kuwa duk sun yi dishi-dishi. Ya ce, "Malam, anya ba cuta ta aka yi ba?" Na karɓi kyamarar na dudduba, na ce masa lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne ya zuba kuɗinsa kaf a kan uwar kyamarar, ya taho da ɗan gilashin da ake haɗa ta da shi kurum. Saboda na san akwai irinsa da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Legas da Badun da Anacha da Fatakwal, shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan batu a wannan fili.

MECE CE DSLR?

Irin kyamarar da muke magana a kai ita ce ake kira DSLR. Kashi biyu ce. Akwai uwar, wadda masu hoto ke ce wa bodi, akwai kuma gilashin da ake murɗawa a gabanta, a cire a sa wani in an so. A cikin bodin akwai wani ɗan madubi a jirkice. Haske ya shigo ta gilashi, madubin ya cilla shi sama zuwa 'yar tagar da kake sa ido, watau abin da gilashi ya gani shi kake gani. Da ka latsa, sai madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, haske ya sauka a kan faifan da ke karɓar hoto, wanda ake kira sensa. Wannan faifai shi ya gaji fim na da.

A ƙananan kyamarorin nan faɗin faifan ya kai milimita 22 zuwa 23 da ɗoriya, tsayinsa kuwa wajen 15. Ya ninka na yawancin wayoyin hannu sau da dama, shi ya sa ya fi su tara haske. Amma fa faifai ba ya iya gyara abin da gilashi bai kawo masa ba. In gilashi bai jawo doki kusa ba, ko kuwa bai shigo da isasshen haske ba, to, duk tsadar bodi aikin banza ne.

KASUWAR TA SAUYA

Ya kamata mai saye ya san halin da kasuwa ke ciki. A 2003 ne kamfanin Canon ya fito da EOS 300D a kan ƙasa da dala 1,000, daga nan ne masu ƙaramin ƙarfi suka fara mallakar irin wannan kyamara. Aka yi ta ƙera ta shekara da shekaru. Amma a 2018 sai Canon da Nikon duka biyu suka fito da manyan kyamarori marasa madubi, watau EOS R da Nikon Z, suka mai da hankalinsu can. Nikon ta daina ƙera ƙaramar D3500 a 2022.

Ma'anar wannan ita ce, akasarin DSLR ɗin da za ka tarar a Computer Village ta Ikeja ko a kasuwar Alaba na hannu ne, watau tokumbo. Wannan ba abin tsoro ba ne, sai ma dai ya zo wa mai koyo da sauƙi, domin Turawa da yawa sun sayar da nasu sun koma sabon yayi. Har ila yau, gilasan Canon na EF da na Nikon masu tambarin AF-S suna aiki a kan sababbin marasa madubin idan aka sa musu mahaɗi. Ke nan bodi na iya tsufa a jefar, amma kuɗin da ka sa a gilashi mai kyau yana nan tare da kai.

WACE BODI ZA KA ƊAUKA?

A ɓangaren Canon, akwai 600D ta 2011 da 700D ta 2013, masu megafiksel 18, da allon da ake juyawa. Akwai kuma 2000D ta 2018 da 250D ta 2019, masu megafiksel 24. A ɓangaren Nikon akwai D5300 ta 2013, da D3300 ta 2014, da D3400 da D5600 na 2016, da kuma D3500 ta 2018, dukansu masu 24. Kowacce daga cikinsu ta ishi mai koyo, har da saura.

Kada mai kanti ya ruɗe ka da yawan megafiksel. Guda 18 sun isa a wanke hoton bango mai tsawon inci 17 ba tare da ya fashe ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ƙasarmu shi ne batir. A lissafin kamfani, D3500 na ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, 2000D kuwa wajen 500. Wanda zai tafi ƙauye inda wuta sai an yi sa'a, ya san amfanin wannan bambanci.

Haka kuma a kula da sunaye, domin Canon na ba kyamara ɗaya suna daban-daban gwargwadon ƙasar da aka kai ta. Wadda ake kira 600D a Turai ita ce Rebel T3i a Amurka, 700D ita ce T5i, 2000D kuwa ita ce T7. A Japan kuma sunansu Kiss. Kada a ce maka wata ta fi wata a tsuga maka kuɗi, alhali kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke.

To, Canon ko Nikon? Gaskiyar magana babu wani bambancin da mai koyo zai gani a hoto. Shawarata ita ce ka duba abin da abokanka ko mai hoton unguwarku ke riƙe da shi, ka sayi irinsa, domin gilashin Canon ba ya hawa Nikon. In kun yi iri ɗaya, ka sami wurin aron gilashi da caja, ka kuma sami malami kyauta.

LAMBOBIN JIKIN GILASHI

Lambobi iri biyu ne a jikin kowane gilashi. Na farko su ne masu mm. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana ɗebo wuri mai faɗi, kamar taron suna ko filin Idi. Babbar lamba, kamar 250, tana jawo abin da ke nesa. Na biyu su ne masu harafin f, su ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. A nan abin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki goma na wanda ya tsaya a f/5.6.

Gilashin da ake haɗa kyamara da shi, watau 18-55mm, in ka jawo shi ƙarshe a f/5.6 yake tsayawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa hotunan tsohuwar saurayin nan suka ɓaci. Haske bai isa ba, sai kyamara ta bar labulenta a buɗe ya daɗe, hannu ya ɗan girgiza, hoto ya dagule. Kuma 55 ba ta isa ta jawo mahayin da ke tsakiyar fili ba. Duk da haka kada a raina shi, da rana a waje yana aiki sosai, kuma da shi ya kamata a fara koyo.

Gilashi na biyu da ya kamata ka saya shi ne 50mm f/1.8. Ba ya jawowa, ba ya turawa, kai ne za ka matsa gaba ko baya da ƙafarka, amma yana cikin mafi araha kuma mafi kaifi. Shi ne ke fito da fuskar mutum tangaram, bayansa ya narke. A Canon nemi mai tambarin STM, wanda ya fito a 2015. Sai dai a ƙananan kyamarorin nan 50 tana matse wuri, don haka wanda ke zaune a ɗan ƙuƙumin ɗakin haya irin na Ikko zai rasa inda zai ja da baya. Shi gara ya nemi 35mm f/1.8G DX in Nikon gare shi, ko EF-S 24mm f/2.8 in Canon ce.

Na uku shi ne na nesa, don hawan Salla da ƙwallo da kokawa. A Canon akwai EF-S 55-250mm, a Nikon kuwa akwai 55-200mm da 70-300mm. Ka tabbata akwai haruffan IS a jikin na Canon, ko VR a na Nikon, su ne alamar yana rage girgizar hannu. In kuwa doki na sukuwa, sai ka sa saurin labule a 1/1000, in ba haka ba ƙafafunsa za su fito kamar hayaƙi.

RAMUKAN DA AKE FAƊAWA

Ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita hoto a cikin bodi, don haka dole gilashin ya zo da nasa. Akwai wani 50mm f/1.8D mai araha da ya cika kasuwa. Zai hau kyamarar, amma ba zai saita kansa ba, sai dai ka murɗa da hannu. Wanda kake bukata shi ne f/1.8G. Harafi ɗaya ne ya raba su. Haka nan gilasai masu tambarin AF-P ba sa aiki a kan D3200 da D5100 da waɗanda suka girme su.

A Canon kuma sau da yawa akan haɗa wa mutum EF 75-300mm III a ce gyara ce. Ba shi da IS, kuma 55-250mm ya fi shi kaifi. Akwai kuma jakar tarkace da ake cusa wa mai saye, da 'yan gilasan da ake murɗawa a bakin wani gilashin, da ƙafar kyamara mai rawa. Araha ba ta ado. Ka ce a cire su a rage maka kuɗi.

IN KA SHIGA KASUWA

Ka tafi da memori naka, ka kuma tafi da wanda ya san hoto. Labulen ƙananan kyamarorin nan yana da iyakar kwana, na Nikon an gwada shi a kan bugu 100,000. Nikon na rubuta yawan bugun a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta. Ka nemi a nuna maka lambar, kamar yadda kake duba mil na mota.

Sa'an nan ka cire gilashin ka haska shi da tocilan ta baya. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma sa f/22 ka ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan faifai zai bayyana. Ƙura kaɗan ana sharewa, amma ƙarzuwa ba ta gyaruwa. Daga ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara da ta gilashi. Baƙo a garin mutane bai kamata ya riƙe kaya mai tsada babu takarda ba, balle a ce na sata aka sayar masa bai sani ba.

Ban faɗi farashi ba da gangan, domin yana bin dala ne, na yau daban na gobe daban. Abin da zan ce shi ne, duk abin da ka tara, kada bodi ta ci fiye da rabinsa. Sauran na gilashi ne da batir na biyu da memori mai kyau.

LAIMAR KUDU DA ƘURAR AREWA

Mu da muke kai da kawowa tsakanin Kudu da Arewa muna da abokan gaba biyu. A Kurmi laima ce, ita ke haifar da fumfuna. Kada a kulle kyamara cikin jakar fata a ƙarƙashin gado duk damina. A sami robar da ke rufuwa ruf, a zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, a kuma riƙa fito da ita ana aiki da ita. A Arewa kuwa ƙura ce, musamman da hunturu da kuma filin hawa. Kada ka sauya gilashi a tsakiyar fili. Ka shiga mota ko zaure, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi sauri. Kuma kada a goge gilashi da bakin riga, yashi ne zai ƙarje shi.

Shi dai saurayin nan na Agege, da na gama yi masa bayani sai ya ce to, ko ya sayar da kyamarar ne ya huta? Na ce a'a, ya riƙe abarsa. Na cire gilashina na nesa na ɗaura masa, ya sa ido, sai na ji ya ce, "Ashe ga su nan kusa!" Kafin a tashi ya ɗauki hotuna sun fi ɗari. Da za mu rabu ya ce in ya koma zai fara da 50mm, domin tsohuwarsa ta manyanta, hotonta ya fi gaggawa, dawakai kuwa suna nan baɗi in Allah ya kai mu.

Mai wata tambaya a kan wannan batu yana iya aiko da wasiƙa ta hannun editan wannan shafi. Allah ya ba mu sa'a, amin.