Keken da Ya Fito daga Sabis Yana Mutuwa a Hanya

Tun watan Yulin 2011 da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere, saboda kashe-kashen da 'yan Boko Haram ke yi a kan babura, aka daina jin ƙarar acaɓa a titunan birnin. Amma injin babur bai bar garin ba, ya dai koma ƙarƙashin kujerar baya ta Keke Napep. Duk wanda ya buɗe bayan Bajaj RE ko TVS King, kekunan nan na Indiya da suka cika hanyar Baga da bakin Monday Market, zai tarar da inji mai silinda ɗaya, wajen cc 200, da kafireto da fulogi, iska ke sanyaya shi. Da yawa daga kanikawan keke na yau a kan babur suka koyi aiki, kuma cututtukan babur ɗin sun biyo su har nan.

Mafi ban takaici a cikinsu ita ce wadda ke zuwa bayan sabis. Direba ya kai kekensa gareji da safe lafiya lau. An juye baƙin mai, an wanke kafireto, an goge fulogi, an kakkaɓe iya-kilina, ya biya ya tafi. Da ya shiga cunkoson Post Office ya saki totur, sai inji ya ɗauke. Ya tayar, ya sake mutuwa. Fasinjoji su sauka su hau na bayansa, shi kuwa balas ɗin mai keke na jiransa da yamma ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Idan ya koma gareji, maganar da za ka ji kusan ɗaya ce: "Oga, ka ɗan ɗaga mini silo." Sai bakanike ya sa sukundireba ya murɗa, inji ya riƙa gurnani ko a tsaye yake, kowa ya rabu da kowa. Wannan ba gyara ba ne, rufe ciwo ne, kuma mai tsada. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Keken da silonsa ke sama yana shan mai ne a kowace tsayawa, yana ƙara zafi a garin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga giya tana shiga da ƙara.

Idan injin da ke lafiya jiya ya fara mutuwa yau bayan an taɓa shi, to a wurin da hannu ya taɓa ya kamata a fara nema, kafin a aiki yaro sayo sabon kafireto ko kwayil. Tambayar da ke raba gardama kuwa ita ce: yaushe yake mutuwa? A tsaye ne, ko in an ja totur, ko in an sa giya, ko sai ya yi zafi? Kowace amsa wurinta daban.

Mutuwa a tsaye ita ta fi yawa, kuma kusan kullum tana komawa ga kafireto. Aikinsa shi ne gauraya iska da fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai a ma'aunin nauyi. In an saki totur, ta wata 'yar ƙaramar kafa ta tagulla, jet ɗin silo, mai ke wucewa, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. To a tsaya a ga yadda ake wankin a garejinmu. An yanke galan an zuba fetur, an ajiye shi a kan ƙasa, an zube jet da allura da sukurori a ciki, iskar hunturu na kaɗo ƙura a kai. Yaron gareji ya ciro silin waya daga tsohuwar igiyar kuloci yana zura wa jet ɗin don ya buɗe shi. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, don haka ko ya faɗaɗa kafar mai ya yi yawa, ko ya tura dattin ciki. Iskar famfo ce ya kamata ta yi wannan aikin. Sannan akwai sukurun gaurayawa, wanda bakanike mai lura kan murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagaye kafin ya cire, don ya mayar da shi inda ya same shi. Wanda bai ƙirga ba, da ka zai mayar.

Akwai kuma iskar sata. Tsakanin kafireto da kan inji akwai wuyan roba, wanda zafin Maiduguri ke busar da shi har ya tsage, cirewa da mayarwa kuma su ƙarasa shi. Ko kuma a manta ba a ɗaure zoben da ke riƙe shi ba. Iska ta shiga ta nan ba tare da mai ba, sai silo ya riƙa hawa da sauka, inji ya tsaya sai an ja cok. Wannan ya fi mutuwar inji haɗari, domin iskar ba ta bi ta matata ba, da ƙurarta take shiga tana cin ringi da silinda a ɓoye.

Fulogi ba ya ƙarya. A ciro shi a dubi bakinsa: baƙi mai toka na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wataƙila an mayar da soson iya-kilina a jiƙe, ko an cika baƙin mai ya wuce layi har ya taso ya shiga akwatin iska. Fari fat na nufin mai ya gaza. Ruwan ƙasa shi ne lafiya.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne keken da ke tashi da safe sumul, sai an yi zuwa biyu ko uku tsakanin Bulumkutu da Kwastam ya fara tari ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Nan sai a tambaya ko an yi setin bawul. Tazarar da ake bari a wurin ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, kuma a kan inji mai sanyi ake auna ta da ma'aunin tazara. Amma direba na sauri, bakanike na da layi, sai a yi setin inji na da zafi, da yatsa da kunne. In aka matse, ƙarfe ya ɗauki zafi ya miƙe, bawul ya kasa rufewa, ƙarfin matsi ya zube. Aka ci gaba a haka bawul ɗin ƙonewa zai yi, gyaran minti ashirin ya zama sauke inji. Ban ga dalilin da zai sa garejin da ke da injin walda ya rasa wannan ɗan ma'auni ba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sauran ba su da wuyar ganewa. In da sa giya yake mutuwa, igiyar kuloci ce aka sassauta. In bayan wanki ne, a duba ruwa a hular fulogi. In ya mutu ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska, kafar numfashin murfin ce ta toshe, ko an lanƙwasa tiyon mai wajen mayarwa.

Adalci ne kuma a faɗa cewa ba kowane laifi ne na bakanike ba. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da ruwa da datti. Sannan ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Monday Market da unguwanni da dama, ta nutsar da ababen hawa masu yawa. An juye musu mai, an busar da waya, sun koma aiki, amma tankin ƙarfe da ruwa ya kwana a ciki tsatsa yake yi sannu a hankali. Irin wannan keken ko sau goma aka wanke masa kafireto, garin tsatsa zai sake sauka ya toshe jet. A kwance sukurun ƙasan kafireto a tari man a farar kwalba: ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsa za ta nuna ja. In an ga haka sai a sauke tankin a wanke shi, a sa sabuwar matatar mai a tiyo, sannan a koma kan kafireto.