Jahar Misisipi: yadda karayar arziki ta raba talakawa da gonakinsu

Lokacin da kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe a watan Oktoba na shekarar 1929, mutanen jahar Misisipi da ke kudancin Amurka sun riga sun san talauci. Jaha ce ta manoma, mai mutane wajen miliyan 2, rabinsu baƙar fata, kuma rayuwarsu duka ta rataya a kan auduga. Shekaru biyu kafin nan, a 1927, ambaliyar kogin Misisipi ta cinye gonaki da gidaje masu ɗimbin yawa.

Daga nan sai farashin auduga ya faɗi warwas. Laba guda, wato kusan rabin kilo, da ake saidawa wajen santi 17 a 1929, ta koma ƙasa da santi 6 a 1931. Ga kuma fari da ya afka wa yankin a 1930. Mafi yawan manoman ba su da gonar kansu: mai ƙasa ke ba su iri da cimaka bashi, a raba amfani bayan girbi. Da auduga ta yi arha, sai manomi ya ƙare shekara bai biya ko bashin bara ba. Abinci ya koma garin masara da kitse, cutar pelagra mai lalata fata ta addabi iyalai.

Masu gonar kansu ma ba su tsira ba. Sun kasa biyan haraji, bankuna da yawa sun rufe da ajiyar jama'a. A rana ɗaya cikin watan Afrilun 1932, an yi gwanjon kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filayen jahar saboda bashin haraji. A wannan shekara gwamna Martin Conner ya tarar da baitulmali wayam, ya ɗora harajin kashi 2 cikin 100 kan kayan saye da sayarwa, nauyin da ya fi danne talaka.

Shugaba Franklin Roosevelt ya kawo tallafi a 1933: gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage noman auduga don farashi ya tashi. Amma kuɗin hannun masu ƙasa suke shiga, da yawansu kuma suka sallami ƴan ƙwadagon da ba su buƙata. An taimaki gona, an bar mai nomanta a kan hanya.

Duk da haka an samu ɗan sauƙi. A 1934 garin Tupelo ya zamo na farko da ya sami wutar lantarki daga hukumar TVA, a 1936 kuma jahar ta soma jawo masana'antu don rage dogaro ga auduga. Sai dai dubban iyalai, musamman baƙar fata, sun ɗaure kayansu zuwa Chicago da sauran biranen arewa, kuma akasarinsu ba su sake komowa gona ba.